Ranar da Baba Ya Cire Takalmin Soja

Alhamdu lillahi, Baba ya koma gida da ƙafafunsa biyu. Da wannan zan fara, don wanda ya ji labarin kwanciyarsa a asibiti bai ji na tashinsa ba ya kwantar da hankalinsa. Sauran abin da zan faɗa kuwa na masu tsoho a gida ne, musamman irin namu mai taurin kai, don kada abin da ya kusa cin mu ya ci su.

Sunan mahaifina Malam Sule, amma daga ƙauyenmu da ke gefen Sandamu har cikin Daura, in ba ka ce Kofur ba babu wanda zai gane wa kake nufi. Ni ce 'yarsa ta fari, Binta, ina koyarwa a wata firamare a Daura. Duk wanda ya san kunyar ɗan fari ya san irin zamanmu. Na haura hamsin a duniya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Ke" yake ce mini, in kuma zai yi maganata da wani sai ya ce "yarinyar nan ta Daura". Tsakanina da shi gaisuwa ce, sai "Allah ya yi albarka", kowa ya kama gabansa.

Yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya tarar ana ɗaukar soja saboda yaƙin basasa, ya bi layi. Yakan ce shi ba wani dogon tunani ya kai shi ba, takalmi ya gani a ƙafar wani da ya sani, shi kuwa har lokacin bai taɓa sa abin da ya wuce takalmin taya ba. Aka kwashe su zuwa kudu, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ya sha tafiyar ƙasa, ya yi dakon akwatin harsashi, daga baya aka mayar da shi cikin masu ɗauko waɗanda suka ji rauni. Da aka gama ya dawo da igiya biyu a hannun riga, da wani ɗan guntun ƙarfe a cikin naman ƙafarsa ta hagu, wanda likitocin soja suka ce a bar shi a inda yake. Ya koma gonar ubansa ya ci gaba da noman gero da wake kamar bai je ko'ina ba.

Ba ya son zancen yaƙi. Labari ɗaya kawai yake bayarwa yana dariya, na sajansu, wani mutumin Baure mai suna Saja Mati. Wai kullum da safe, ko ana ruwa ko ana harbi, sai ya jera su a ƙasa ya daka tsawa a cire takalmi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗa 'yan yatsunsu da tsinke. Wanda aka kama da jiƙaƙƙiyar safa ya sha tsallen kwaɗo. Muna yara mun haddace labarin nan, har mukan jera mu yi wasansa a tsakar gida.

Tun da ya dawo bai rabu da takalmin soja ba. In wanda ke ƙafarsa ya mutu sai ya je kasuwar Mai'aduwa ya zaɓo wani a gwanjo. Da shi yake gona, da shi yake zuwa ɗaurin aure, a ƙarƙashin babbar riga. A cikin takalmin kuma akwai huffi, safar nan ta fata. Da asuba zai wanke ƙafarsa shi kaɗai a banɗaki ya sa huffin, sauran alwalar yini kuwa shafa ce a kai, yadda limamin rundunarsu ya koya musu. Saboda haka ko a bakin masallaci babu mai ganin ƙafar Kofur. Da aka tambayi Inna, mahaifiyarmu, yaushe rabon da ta ga tafin ƙafar mijinta, ta kasa tunawa.

Ciwon bai fara daga ƙafa ba, mu ne ba mu gane ba. Tun da bazara ruwa ba ya isarsa, yana ajiye moɗa zai sake ɗauka. Zagayawa kuwa ba a magana. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Muka ce zafi ne, muka ce tsufa ne. Da damina ta faɗi ya fara ɗingishi, nan ma ba mu damu ba, don duk shekara in hadari ya haɗu ƙarfen nan yakan motsa masa. Har tsokanarsa jikoki ke yi, wai ƙarfen Kofur ya fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Muka yi ta dariya, mutum yana ruɓewa a gabanmu.

Wata Laraba ina fitowa daga aji Inna ta kira ni a waya. Ita ma ba ta faɗin sunana.

"Ke, ki zo ki ga babanku. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, wai ɗaki zafi. Kuma akwai wani wari. Na ɗaga gado, na zazzage buhuna, na ce ko ɓera ne ya mutu. Ba ɓera ba ne."

Na tarar da shi a zaure, jingine da bango, takalmi ɗaure tam har idon sawu, ƙudaje na bin na hagun. Leɓensa ya bushe, idonsa ya yi ja. Na durƙusa na gaishe shi, na tattaro duk ƙarfin halin da nake da shi.

"Baba, ƙafar ce?"

"Ƙarfen nan ne. Ya saba."

"Ko za a kwance a duba?"

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ke sa mutum ya manta da shekarunsa. "Ke, tashi ki shiga wajen uwarki."

Na tashi na shiga. Me zan yi? A aji yara sittin ne ke shiru in na gyara murya, amma a zauren nan ni ba kowa ba ce.

Ƙanena Sani, wanda ke jan mota tsakanin Daura da Kongolam, ya zo washegari ya ce shi zai kwance takalmin ko da tsiya. Da ƙyar ya kauce wa sanda. Liman ya zo da nasiha, Baba ya ce, "Malam, ka taɓa ganin na bar sallah? To a bar ni da Ubangijina." Daga nan kuma masu shawara suka buɗe. Gwaggo Delu, ƙanwarsa, ta rantse wani abu aka binne masa a gona ya taka, ta kawo hayaƙi ta turnuƙe zauren har muka fito muna tari. Wani ya ce garin bagaruwa, wani ya ce man shanu da toka, alhali babu wanda ya ga abin da za a shafa wa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa in ciwon daji ne kada a kuskura a kai shi asibiti, wai daji ba ya son allura. Ba sharri suke nufi ba, na sani, amma wannan maganar ita ta ƙara masa wurin fakewa. Haka muka cinye mako guda, har ya kasa zuwa masallacin da ke ƙofar gida.

Inna ce ta samo bakin zaren. Muna zaune a tsakar gida ni da Sani, tana tankaɗe, ba ta ko dube mu ba ta ce, "Ni dai mutum ɗaya na san yana jin maganarsa a duniya. In yana raye."

Sani ya kashe aikinsa ya nufi Baure, bai san gida ba, bai san ko mutumin na numfashi ba. Ya yi ta tambaya har aka kai shi ƙofar wani shago, inda wani tsoho siriri ke zaune a kan buzu, idanunsa sun yi fari fat. Yana jin an ce Kofur Sule na Sandamu ba ya cire takalmi kuma ƙafarsa na wari, bai tambayi komai ba, cewa ya yi a miƙo masa hularsa.

Da hantsi suka iso. Ina tsaye a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida na ga Sani ya riƙo hannunsa. Tsohon ya yi sallama, ya tsaya a tsakiyar zaure, ya ja iska da hancinsa. Sai wata murya ta fito daga wannan ɗan ƙirjin, wadda ta sa kajin Inna suka watse.

"Kofur Sule!"

Wallahi da idona na gani. Baba, wanda ya kwana biyu ba ya iya zama sai an tallafe shi, ya dafa bango yana neman miƙewa, ya turo ƙirji.

"Sa!"

"Zauna. Duba ƙafa. Cire takalmi."

"Saja, ai ƙarfen nan ne na..."

"Na tambaye ka? Cire!"

Baba ya kama igiyar takalmin ya fara warwarewa. Takalmin ya fita da ƙyar, huffin kuwa ya manne da nama, sai da Sani ya jiƙa shi da ruwan ɗumi ya tsaga da reza. Gwaggo Delu ta toshe hanci ta yi waje tana salati.

Saja Mati ya durƙusa yana lalube. "Ni ido ya tafi. Wa ke nan mai ido?"

"Ni ce, Baba. Binta, 'yarsa."

"Matso. Faɗa mini abin da kika gani, kada ki rage komai."

Na matsa. Ranar na fara ganin ƙafar mahaifina da wayona. Na ce ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Na ce akwai rami a tafin ƙafar, yana fitar da ruwa. Na ce kumburi ya kai idon sawu, fatar ta yi ja tana sheƙi. Ina faɗa, shi kuma Baba ya kafe bango da ido. Sani ya zura hannu cikin takalmin ya janyo da sauri, yatsansa na jini. Ƙusa ce, irin wadda mai gyaran takalmi ke bugawa a dunduniya, ta huda ta fito ciki. A kanta Baba ya yi ta tafiya, ya yi shuka, ya yi noman fari.

"Asibiti," in ji Saja Mati. "Yanzu."

Gwaggo ta leƙo. "Malam, in fa daji ne, allura..."

"Baiwar Allah, ni da shi mun san wannan warin tun kina tallan gyaɗa. Matsa a wuce da shi."

A asibiti a Daura mun tarar da layi har bakin baranda, ga yankar kati, ga jiran fayil. Allah ya haɗa mu da wata nas da ta zo wucewa, warin ya tsayar da ita, ta ɗaga zanen da muka rufa masa, ta ce mu biyo ta. Aka huda yatsansa aka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Likita ya dubi abin da ta nuna, ya dube ni.

"Tun yaushe yake da ciwon suga?"

"Suga kuma? Likita, ko shayi ba ya sha."

Ya yi ɗan murmushi, da alama ba ni ce ta farko da ta ba shi wannan amsar ba. Abin da ya faɗa bayan nan ya zauna mini a kai har yau. Ya ce, "Hajiya, ciwon suga yana kashe jijiyar da ke gaya wa mutum ya ji zafi. Zai taka ƙusa ya yini a kanta bai sani ba. Mai suga ba ya jin ƙafarsa, sai dai a gane masa." Aka ɗauki hoton ƙafar, ga ɗan ƙarfen nan kwance a inda yake tun zamanin yaƙi. Likita ya nuna shi da biro ya ce wannan ba ruwansa, bai taɓa kowa ba. Shekara da shekaru muna ɗora wa bawan Allah laifi. Aka ɗaura wa Baba ruwa, aka yi masa allurai, aka ce wannan aikin sai Katsina.

A Katsina likitan tiyata bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yatsun nan biyu sun riga sun mutu, dole a cire su a kankare ramin, kuma a yi da wuri. Baba ya juya fuskarsa bango ya ce ba a taɓa shi da wuƙa. Saja Mati ya koma Baure, ba shi da ƙarfin wannan tafiyar. Sani ya yi magiya har ya yi fushi ya fita. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma a gefen gado, bakina cike da magana, babu hanyar fitar da ita.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda sa ya take ya karya masa ƙugu. Mutum ne mai surutu, ko bango ya samu zai yi hira da shi. Bayan la'asar, masu dubiya sun ragu, sai na ji Baba ya juyo ya kira shi.

"Alhaji, kana ji na?"

"Ina ji, Kofur."

"Akwai wani yaro Ilu, ɗan Kongolam. Rana ɗaya aka ɗauke mu soja. Ɗan tsinken ƙarfe ya same shi a ƙafa, abin da bai kai ƙwayar wake ba. Ga ruwa, ga taɓo, ga mu nesa da likita. Kafin a ankara ƙafa ta fara wari. Ni na goya shi har inda likitoci suke. Maganin barci ya ƙare musu. Aka ce mu danne shi. Ni na danne ƙirjinsa, yana kiran sunana, yana kiran na uwarsa. Da suka gama suka naɗe ƙafar a buhu suka miƙo mini, suka ce Kofur je ka binne. Ni na haƙa ramin."

Da ƙarfi yake maganar, fiye da yadda mai gadon kusa ke buƙata. Na gane ba da Alhaji yake ba.

"Ilu bai mutu ba. Ya dawo gida ya zauna a bakin hanya, manomi ɗan manomi, yana kallon masu wucewa har Allah ya karɓi abinsa. Duk kaka nakan kai masa gero, ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. To ranar da na cire huffi da asuba na ji warin nan, Alhaji, na gane shi. Na mayar na ɗaure. Na ce gara a kai ni kabari da ƙafata."

Ashe ya sani. Duk kwanakin da muke ta hayaƙi da gardama, shi ya san abin da ke cikin takalmin, tsoro ne ya hana shi buɗewa. Ban taɓa kawowa a raina cewa Baba na tsoron wani abu ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Allah ya jiƙan Ilu. Amma Kofur, yanzu fa ba a danne mutum. Ni nan da ka gan ni, barci na yi na farka na tarar sun ɗinke ni kamar buhun dawa."

Ni ma sai na dubi Alhaji, tunda ta nan hanyar take. Na ce, "Alhaji, likita ya ce in an yi yanzu yatsu biyu ne kawai. In aka jira ne abin zai haura."

Can Baba ya ce, "Alhaji, ka ce wa yarinyar nan ta kira likitan."

An yi aikin washegari. Da aka fito da shi likita ya zaro biro ya ja layi a fatar ƙafar, sama da idon sawu kaɗan, ya zagaye ta. Ya ce, "Ja da kumburin nan, in suka haye wannan layin, za mu yanke daga ƙasan gwiwa, don mu tsira da ransa. In suka tsaya, ƙafarsa ce." Daga ranar rayuwarmu ta koma kan layin biro. In ya fara gogewa wurin wanki, nas ta sake bin sa.

Makon farko bai yi mana daɗi ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka, jan kuma kullum sai ya ɗan matsa sama. Duk safiya in aka kwance bandeji ni ke leƙawa, Baba kuwa silin yake kallo. In nas ta tafi sai ya ce, "Alhaji, tambaye ta, sun tsallako?" In ce ba su tsallako ba. Ban gaya masa cewa abin da ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba.

A nan zan yi ƙorafina. Komai sai ka sayo: auduga, safar hannu, ruwan wanke ciwo, allurar da za a ce babu a ciki sai a kantin waje. Na san kowace kwana ta asibitin nan da ƙafata. Fanshon Baba bai kai ko'ina ba, sai da aka fitar da ɗaya daga shanun huɗarsa aka kai kasuwa, muka ɓoye masa. Sai kuma 'yan dubiya, Allah ya saka musu, amma sun kusa kashe mana shi da ƙauna. Wannan ya zo da lemon kwalba, wancan da fura an zambaɗa sukari, wata da kunun zaƙi a fulas. Gwaggo Delu ta faki idona ta ɗura masa wani jiƙo da aka haɗa da zuma, wai na karya sammu. Da aka gwada jininsa da yamma nas ta yi mana tatas, ta ce in mun gaji da shi ne mu faɗa. Daga ranar na dasa kujera a bakin ƙofa, duk mai kwano sai ya buɗe na gani. Aka yi ta cewa 'yar boko ta hana a ciyar da ubanta. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, ban kuma fasa ba.

Godiya kuwa ta fi ƙorafin yawa. Da aka ce yana buƙatar jini, Sani ya buga waya tasha, direbobi suka ciko mota daga Daura suka miƙa hannu, wasunsu ko sunansu ban sani ba. Nas ɗin da ta yi mana faɗa ita ce ta koya mini yadda ake duba tsakanin yatsu da yadda ake taɓa fata a ji ko ta yi zafi. Matar Alhaji ta raba tabarmarta da ni, ta raba ruwan zafinta. Abokan aikina suka karɓe mini aji babu wanda ya yi tsaki.

Cikin mako na biyu jan ya tsaya cak. Bai ci gaba ba, bai koma ba. Likita ya canja allura ya ce mu ƙara haƙuri. Wannan jiran ya fi na farko cin rai, don ka fara sa rai kuma kana tsoron sa ran. Baba kuwa ya rage magana, ko Alhaji ya ja shi da hira sai ya ce "uhm".

Sai wata safiya aka kwance bandeji na ga fatar da ke sheƙi ta yi yamutsa-yamutsa, kamar ta tsoho. Ai kuwa ta tsoho ce, kumburi ne ya sauka. Jan ya ja baya ya bar layin biro shi kaɗai a sama. Ban yarda da idona ba sai da likita ya zo ya danna nan, ya danna can, ya leƙa ramin ya ce nama mai kyau ya fara tsirowa. Ya dafa gwiwar Baba.

"Baba, ƙafarka ce. Ba za mu taɓa ta ba."

Baba ya jawo hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara girgiza. Alhaji ya ɗaga hannu yana kabbara har ya manta da ƙugunsa ya yi ƙara. Ni na fita baranda na yi kukana son raina, sannan na kira Inna. Ina cewa "an bar masa", na ji wayar ta faɗi ƙasa, na jiyo muryarta daga nesa tana ta hamdala.

Sai da gero ya fitar da kai aka sallame mu. Aka ba mu dokoki: magani kullum, abinci da awo, ba tafiya ƙafa ba takalmi, ba kuma takalmin soja har abada, sai mai laushi mai faɗi. Sannan a duba ƙafar kowace rana, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Kafin mu iso gida Inna ta riga ta jefa tsohon takalmin bayan rumbu. Ya tambaya sau ɗaya, ta ce akuya ta ci, bai sake tambaya ba.

To jama'a, ga abin da na zauna rubutawa dominsa. In tsohonku ya fara yawan shan ruwa da yawan zagayawa yana ramewa, ku kai shi a gwada jininsa, gwajin bai fi ƙiftawar ido ba. In ya fara ɗingishi kada ku ce tsohon ciwo ne, ku ga ƙafar da idonku. In kunya ta hana ku, ko kwarjininsa ya hana ku, ku nemo wanda yake jin maganarsa, ko a ina yake. Kowane tsoho yana da nasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa duk wanda ya taimake mu da alheri.

Bayan mun dawo Sani ya sake ɗauko Saja Mati don ya yi masa barka. Suka zauna a zaure su biyu suna ta tsohon zance, har na ji Baba na ƙyaƙyata dariya. Da zai tafi ya sa aka kira ni. Ya lalubo kafaɗar Baba ya riƙe.

"Kofur, ni na tsufa, ido babu, Baure da nisa. Yarinyar nan ita ta gane mini ranar nan, kuma ba ta rage komai ba. Daga yau duba ƙafa a hannunta yake. Ka ji?"

"Na ji, sa."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Muka tsara Inna ta riƙa dubawa kullum, da tabaran da muka yanko mata, ni kuma in zo duk Asabar in tabbatar. Asabar ta farko tun a mota nake ta juya yadda zan buɗe baki in ce wa mahaifina ya miƙo ƙafa. Na iso gab da azahar, na tarar da shi a ƙofar gida a kan tabarma, shi da Liman da wasu dattawa, ana hira. Na durƙusa daga gefe na gaishe su, na yunƙura zan shige ciki, na ce a raina sai an watse.

Sai na ga ya sunkuya ya zare takalminsa da kansa, ya cire safa, ya miƙe ƙafafunsa biyu a gaban kowa.

"Malam, ɗan dakata da zancen," ya ce wa Liman. "Saja ta zo."

Dattawan suka fashe da dariya. Ni ban iya dariyar ba. Shekara hamsin da ɗoriya ina "ke", yau na samu abin da zai kira ni da shi. Na ajiye jakata, na durƙusa, na ɗauki ƙafar hagun na ɗora a cinyata. Na buɗa yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya, na shafa tabon, na duba dunduniya. Fatar a bushe take, da sanyinta.

"Lafiya lau, Baba."

"An sallame ni?"

"An sallame ka."

Ya mayar da takalminsa, ya dafa ƙasa ya miƙe, bai nemi hannun kowa ba. Ladan ya fara kiran sallah. Ina nan durƙushe na bi shi da kallo, yana takawa a hankali, har ya shige masallaci.